Hawan jini da arjinin: ƙarancinsa ne ke matse jijiya, ko aikinsa ne ya lalace?

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske kan wani abu da ya ɗaure min kai. An koyar da mu cewa jijiyar jini tana saki ta buɗe ne saboda sinadarin naitirik oksaid, wato NO, kuma jiki yana haɗa shi daga amino asid ɗin da ake kira arjinin. An kuma ce a jikin mai hawan jini NO ba ya wadata. To idan haka ne, me ya hana a riƙa ba masu hawan jini arjinin kawai, tunda ga shi nan ana sayarwa a kwalabe ba sai da takardar likita ba? Arjinin ɗin ne ya yi ƙaranci a jininsu, ko yana nan amma ba a cin moriyarsa? Ina kuma homosistiyin, wani amino asid da ake aunawa a jini, ya shigo cikin lissafin? Sannan akwai gwajin da zai nuna wa likita cewa matsalar mutum daga nan ta taso? Allah ya ƙara basira.

Malamin Bayokemistiri:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayar nan ta daɗe tana ba masu bincike wahala. A yawancin masu hawan jini arjinin bai ƙare ba. Injin da ke sarrafa shi ne ya samu tangarɗa, ga kuma masu yi masa kishiya a kan arjinin ɗin. Bari mu bi abin daki-daki.

Cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, sunanta endotiliyam. A bayanta kuma tsoka ce ta naɗe jijiyar kamar zobe. A 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki suna gwaji da babbar jijiyar zomo, sai suka lura cewa idan aka goge shimfiɗar nan wajen shirya naman, ko da bisa kuskure ne, sinadarin asetilkolin ba ya sa jijiyar ta saki. Idan shimfiɗar tana nan lafiya, nan take za ta saki. Ashe shimfiɗar ce ke aika wa tsokar saƙo. A 1987 aka gano saƙon NO ne, a 1988 kuma ayarin Salvador Moncada ya nuna cewa daga arjinin ake yin sa. Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad sun karɓi kyautar Nobel a 1998 a kan wannan fanni.

Inzayim ɗin da ke aikin, wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki, shi ne eNOS. Yana ɗaukar arjinin da iskar oksijin, ya karɓi ilaktiron daga NADPH, ya miƙa su ta hannun FAD da FMN har zuwa ƙarfen da ke tsakiyarsa, sannan ya fitar da abu biyu: NO da sitirulin. Ba ya kammala wannan sai da wani mataimaki mai suna BH4. Ki riƙe sunansa, za mu dawo kansa. NO ɗin sai ya ratsa zuwa tsokar, ya tayar da inzayim mai yin cGMP, sinadarin da ke isar da saƙon a cikin tsoka, kalsiyam ɗin cikin tsokar ya sauka, zoben ya saki. Rayuwarsa 'yan daƙiƙoƙi ce, domin himogulobin na jajayen ƙwayoyin jini yana cafke shi. Saboda haka dole a yi ta ƙera shi dare da rana. A 1989 Patrick Vallance da abokan aikinsa sun zuba maganin da ke toshe wannan inzayim a jijiyar hannun mutane masu lafiya, jinin da ke gudana a hannun ya ragu da kusan rabi. Kuma ƙanƙancewa kaɗan ba ƙaramin abu ba ce: idan faɗin jijiya ya ragu da kashi 10 cikin 100, turjiyar da jini ke fuskanta tana ƙaruwa da kusan kashi 50, domin lissafin yana bin faɗin ne sau huɗu a ninke.

Yanzu ga inda tambayarki take. eNOS yana kai rabin ƙarfin aikinsa da arjinin kimanin maikiromol 3 a lita. A ruwan jini kuwa akwai tsakanin 50 zuwa 100, cikin ƙwayar endotiliyam ɗin ma ya fi haka, yakan kai ɗaruruwa. A lissafi ke nan inzayim ɗin a ƙoshe yake har ya yi saura. Duk da haka, idan aka ƙara arjinin a wasu gwaje-gwaje, NO yakan ƙaru. Wannan saɓani ne ya sa aka koma neman abin da ke shiga tsakanin inzayim da abincinsa, aka kuma samu guda uku manya.

Na farko ajines, inzayim ɗin da ke yanka arjinin ya zama onitin da yuriya. A hanta aikinsa na alheri ne, da shi ake kawar da amoniya. Amma akwai shi a bangon jijiya ma, kuma anjiyotensin II, sinadarin jiki mai matse jijiya, da kumburi da tsufa suna ƙara yawansa. Bai kai eNOS iya kama arjinin ba, sai dai ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, don haka yakan wawashe na kusa da shi. Ɓarnarsa biyu ce. Ya rage wa eNOS rabo, sannan onitin ɗin da ya fitar ba ya zama haka nan: wani ya koma foliyamin masu sa ƙwayoyin tsoka su hayayyafa, wani ya koma furolin da ake gina kolajin da shi. Bango ya yi kauri, ya yi tauri. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, domin matsewar tsoka takan warware cikin mintuna, amma jijiyar da kolajin ya cika ba ta komawa yadda take da sauƙi.

Na biyu ADMA. Shi ma arjinin ne, amma an liƙa masa ƙungiyoyin metil biyu a gefe ɗaya tun yana cikin furotin. Idan furotin ɗin ya tsufa aka rushe shi, sai ADMA ya fito. Kamarsa da arjinin ta sa yana shiga gurbinsa a kan eNOS ya zauna, ba ya ba da NO, ba ya kuma barin mai gurbin ya shiga. A jinin mai lafiya bai wuce wajen maikiromol 0.5 a lita ba. Jiki yana yin kimanin maikiromol 300 a rana, inzayim DDAH ya rushe mafi yawansa, ƙoda ta fitar da sauran. DDAH kuwa ba ya jure tsatsar oksijin, da ta taɓa shi sai ya yi sanyi. Vallance ya nuna a 1992 cewa ADMA yana taruwa a jinin masu ciwon ƙoda mai tsanani. Da wannan ake bayyana wani ɓangare na saɓanin da na ambata: ƙarin arjinin yana ture ADMA daga gurbin ne.

Na uku, wanda a ganina shi ne uwa uba, lalacewar BH4. Anjiyotensin II yana kunna inzayim NADPH oksides a bangon jijiya, shi kuma ya yi ta fesa wani nau'in oksijin mai ɓarna, sufa'oksaid. Sufa'oksaid da NO ba sa haɗuwa su rabu lafiya: nan take suke zama faroksinaitirait. An yi asarar NO ke nan, sannan faroksinaitirait ɗin ya ƙone BH4 ya mai da shi BH2. BH2 yana zama a kan eNOS amma ba ya miƙa ilaktiron. Ilaktiron ɗin sai su zube kan oksijin kai tsaye, eNOS da kansa ya koma yin sufa'oksaid maimakon NO. Mai gadi ya koma ɓarawo, kuma kowane zagaye yana ƙara ƙona BH4. Ki dubi abin da zai faru idan aka tula arjinin a irin wannan jijiya: eNOS ba shi da halin amfani da shi yadda ya kamata, ajines kuwa a shirye yake ya karɓa.

Likitar Zuciya:

Malam ya shimfiɗa tushen, Allah ya saka. Bari in kawo abin da aka gani a jikin mutane, domin nan ne ake yanke hukunci.

Cewa endotiliyam ɗin mai hawan jini yana da rauni, wannan tabbatacce ne. A 1990 Julio Panza da abokan aikinsa a Amurka sun zuba asetilkolin a jijiyar hannun masu hawan jini, buɗewar ta gaza ta masu lafiya. Da suka zuba naitirofurusaid, wanda ke ba tsokar NO kai tsaye ba sai ta hannun endotiliyam ba, sai bambancin ya ɓace. Tsokar tana ji, mai aika saƙon ne ya raunana. Sai dai a kula: wannan bai nuna wanne ya riga wanne ba. Matsin jini mai yawa da kansa yana raunata endotiliyam, raunin kuma yana ƙara matsin.

Game da shan arjinin, a 2011 an tattara gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi mutum 387, da awo daga giram 4 zuwa 24 a rana. Lambar sama ta awon jini ta sauka da kimanin 5, ta ƙasa da kusan 3. Ba a raina wannan ba, amma mutanen kaɗan ne, yawancin gwaje-gwajen na 'yan makonni ne, kuma babu wanda ya auna abin da muke ba da magani dominsa, wato raguwar shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya da mutuwa.

Da aka tsawaita lokaci, labari ya sauya. Gwajin VINTAGE MI da aka wallafa a 2006 ya ɗauki mutum 153 da suka yi bugun zuciya, aka ba rabinsu arjinin har giram 3 sau uku a rana na wata shida. Taurin jijiya bai ragu ba, ƙarfin harbawar zuciya bai ƙaru ba. Mutum shida suka rasu a ɓangaren arjinin, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, aka dakatar da gwajin. Adadin ƙarami ne, ba zai tabbatar da cewa arjinin ne sanadi ba, amma ya isa a ce wanda ya yi bugun zuciya kada ya sha. A 2007 kuma aka gwada giram 3 a rana na wata shida ga masu toshewar jijiyoyin ƙafa. Nisan tafiyarsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki ba. Abin da Malam ya faɗa game da ajines ya dace da wannan: jiki yakan ƙara yawan ajines idan arjinin ya yi ta shigowa, amfanin farko ya dushe.

Har BH4 ɗin an gwada bayarwa ta baki. A masu ciwon jijiyoyin zuciya an ga yana shiga jini, amma da yawansa yana ƙonewa ya zama BH2 kafin ya yi aiki, jijiyar ba ta gyaru ba. Muddin wutar da ke ƙona shi tana ci, ƙara shi ba ya wadatarwa.

A kan gwaji kuwa, wanda aka fi amfani da shi a bincike shi ne na buɗewar jijiyar dantse, wanda David Celermajer ya bayyana a 1992. Mutum zai zo bai ci komai ba na aƙalla awa shida, bai sha taba ko abu mai kafeyin ba, ya kwanta minti goma zuwa sha biyar a ɗaki mai natsuwa. A auna faɗin jijiyar dantse da na'urar hoto mai amfani da sauti. A ɗaura robar awon jini a ƙasan gwiwar hannu, a hura ta ta zarce lambar sama ta mutumin da kamar 50, a bar ta minti biyar cif, sannan a sake. Jinin da ya kwararo da ƙarfi yana gogar endotiliyam, NO ya fito, jijiyar ta buɗe, galibi ta kai ƙololuwa wajen minti ɗaya bayan sakin. Wahalar ita ce ƙanƙantar abin da ake aunawa. Jijiya mai faɗin milimita 4, idan ta buɗe da kashi 7 cikin 100, ƙarin bai kai sulusin milimita ba. Hannun mai riƙe na'urar ya ɗan goce, sakamakon ya tashi a banza. Shi ya sa yake da amfani wajen kwatanta rukuni da rukuni, amma ba a dogara da shi wajen zaɓa wa mutum ɗaya magani.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Likita ta yi maganar hoto, ni kuma zan taɓo na jini, domin da yawan sakamakon da ake gani na arjinin da homosistiyin tun a kwalba suke lalacewa.

Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da ajines. Idan aka ɗebi jini aka ajiye shi a kan tebur, ko aka ja shi da ƙarfi ta siririyar allura har ƙwayoyin suka fashe, arjinin zai yi ta sauka, onitin yana hawa, sai a rubuta wa mutum ƙarancin da ba shi da shi. Ƙa'ida ita ce a ɗiba da safe kafin a ci komai, a sa kwalbar cikin ƙanƙara nan take, a juya ta a injin tacewa cikin rabin awa, a raba ruwan jinin a daskarar. Wanda ruwansa ya yi ja-ja, a sake ɗiba. Homosistiyin kuma akasin haka yake yi: ƙwayoyin suna ci gaba da fitar da shi bayan an ɗebi jinin, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace awa a zafin ɗaki. Shi ma ƙanƙara, a kuma raba cikin awa ɗaya.

Abin da ke faruwa a kwalba yana faruwa a jikin mai sikila. Ƙwayoyin da ke fashewa a cikin jijiya suna zubar da ajines ya cinye arjinin, suna kuma zubar da himogulobin tsirara wanda ke kama NO da sauri fiye da wanda ke killace cikin ƙwaya. Wannan na daga cikin dalilan hawan jinin huhu a masu sikila. A nan kam ana iya samun ƙarancin arjinin na gaske.

ADMA ana auna shi, amma ba gwajin yau da kullum ba ne. Tazarar da ke tsakanin na mai lafiya da na mara lafiya 'yar kaɗan ce, wani lokaci maikiromol 0.1 ko 0.2, kuma hanyoyin awo ba sa ba da lamba ɗaya. Hanyar da ke farfasa sinadarai ta tantance su ta nauyin gutsattsarinsu ta fi inganci, domin tana bambanta shi da ɗan'uwansa SDMA, wanda nauyinsu ɗaya amma shi ba ya toshe eNOS kai tsaye. Masu bincike sun fi duba rabon arjinin a kan ADMA maimakon kowanne shi kaɗai.

Homosistiyin ne kaɗai a cikinsu likita zai iya nema cikin sauƙi. Daga maikiromol 5 zuwa 15 a lita shi ne daidai, 15 zuwa 30 hawa ne matsakaici, abin da ya haura 100 kuwa galibi ciwon gado ne ko matsanancin ƙarancin bitamin B12. Kada a karanta shi shi kaɗai. A haɗa da kiriyatinin, wato gwajin ƙoda, da B12, da folet, da gwajin maƙoƙo, domin raunin ƙoda kaɗai ya isa ya ɗaga shi.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Na gode ƙwarai, malamai, yanzu na gane inda gizo ke saƙar. Saura biyu. Na ga ana cewa sitirulin ya fi arjinin, alhali Malam ya ce shi ne abin da eNOS ke fitarwa bayan ya gama aiki. Ta yaya saura zai fi asali? Sannan idan homosistiyin ya hau, saukar da shi yana saukar da hawan jini?

Masanin Magunguna:

Ƙanwata, amsar ta farko tana hanji da hanta. Arjinin da aka haɗiya sai ya ratsa bangon hanji, inda ajines ke cinye kusan kashi 40 cikin 100, sannan hanta ta ɗebi nata. Sitirulin kuwa ajines ba ya taɓa shi, hanta ma ba ta cika riƙe shi ba. Yana wucewa zuwa ƙoda, inda inzayim biyu, ASS da ASL, ke mai da shi arjinin su sake shi cikin jini a hankali. Ƙwayar endotiliyam ma tana da waɗannan biyun, tana sake juya sitirulin ɗin da eNOS ya fitar. Wani gwaji a Jamus a 2008 ya nuna giram 3 na sitirulin sau biyu a rana yana ɗaga arjinin na jini da rabonsa a kan ADMA fiye da shan arjinin kansa. Yana kuma da sauƙi a ciki. Arjinin idan ya kai wajen giram 10 a sha ɗaya yakan kawo gudawa da murɗa. Amma ɗaga arjinin na jini daban, saukar da hawan jini daban. Gwaje-gwajen sitirulin ƙanana ne, sakamakonsu ya sha bamban, kuma bai magance matsalar BH4 ba.

Homosistiyin daga amino asid ɗin metiyonin yake fitowa. Metiyonin yana zama SAM, mai raba ƙungiyar metil ga masu buƙata, idan ya bayar sai abin da ya rage ya zama homosistiyin. Daga nan hanya biyu ce: ko a mai da shi metiyonin da taimakon folet da B12, ko a tura shi ya zama sistiyin da taimakon B6. Ga inda ya haɗu da maganar Malam: metil ɗin da ake liƙa wa arjinin a yi ADMA daga SAM yake zuwa, sannan homosistiyin yana raunana DDAH mai share ADMA. Yana kuma ƙara tsatsar oksijin. Tun 1969 Kilmer McCully ya lura da lalacewar jijiyoyi a yaran da ke da shi da yawa ta gado.

Saukar da shi abu ne mai sauƙi, amma ribar ba ta kai yadda aka sa rai ba. Gwajin HOPE-2 na 2006 ya ba mutum 5,522 folik asid miligiram 2.5 da B6 da B12 ko ƙwayar da ba komai. Homosistiyin ya sauka, bugun zuciya da mutuwa ba su ragu ba, shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗan ragu. A ƙasar Sin kuwa, gwajin CSPPT na 2015 ya ɗauki masu hawan jini 20,702, aka ba wasu enalafiril miligiram 10 shi kaɗai, wasu tare da folik asid miligiram 0.8. Cikin kimanin shekara huɗu da rabi, shanyewar farko ta samu kashi 2.7 cikin 100 na masu folik asid, da 3.4 na sauran. Awon jinin ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Ke nan folik asid bai saukar da hawan jini ba, jijiyar ƙwaƙwalwa ya kare, kuma a al'ummar da folet ɗinta ke ƙasa. Amurka ta wajabta ƙara folik asid a garin alkama da wasu kayan hatsi tun 1998, don haka a can da wuya a ga irin wannan riba. Gargaɗi ɗaya: kada a fara folik asid ba a duba B12 ba, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin ciwon suga metfomin na shekaru. Yana gyara ƙarancin jinin, ya ɓoye alamar, jijiyoyin laka kuma suna ci gaba da lalacewa.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne magungunan da ake bayarwa tuni suna taɓa wannan hanya ta inda ta lalace. Lisinofiril da enalafiril suna rage anjiyotensin II, wato suna rage wa NADPH oksides da ajines mai zuga su, kuma suna hana rushe biradikainin, wanda ke sa eNOS aiki. Biradikainin ɗin ne ma ke kawo busasshen tarin da wasu ke yi. Losatan yana toshe ƙofar da anjiyotensin II ke shiga. Motsa jiki na minti 150 a mako yana ƙara gogar jini a bangon jijiya, gogar kuma tana ƙara yawan eNOS da kuzarinsa. Rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, shi ma yana gyara buɗewar jijiya.

Wanda ya nace sai ya sha arjinin ko sitirulin, ya sanar da likitansa, kada kuma ya ajiye maganinsa. Mai shan sildenafil ko naitiret na ciwon ƙirji ya yi hattara, duk hanyar cGMP ɗaya suke bi, jini na iya faɗuwa. Mai ciwon ƙoda ko mai shan sifironolakton shi ma haka, domin arjinin haidirokulorid yana fito da fotasiyam daga ƙwayoyi zuwa jini, an fi ganin haka idan ta jijiya aka ba da shi.

Malamin Bayokemistiri:

Na yarda da duk abin da Masanin Magunguna ya kawo, sai dai kada 'yar'uwarmu ta tashi da zaton arjinin ne kaɗai a fagen. Sistiyin ɗin da aka ce homosistiyin yana komawa, daga gare shi bangon jijiya ke yin haidirojin salfaid ta hannun inzayim CSE. Wannan iska tana buɗe ƙofofin fotasiyam a tsokar jijiya ta saki. A 2008 an nuna cewa ɓerayen da aka cire wa CSE suna kamuwa da hawan jini. Wani sinadari mai suna taurin ma daga sistiyin yake. Wani gwaji a Sin a 2016 ya ba mutum 120 da awonsu ya fara hawa giram 1.6 a rana ko ƙwayar da ba komai na mako 12, awon masu shan taurin ya sauka, haidirojin salfaid na jininsu ya ƙaru. Gwaji ɗaya ne ƙarami, amma ya cancanci a bi sawunsa. Amino asid ɗin liyusin da aisoliyusin da balin kuma sukan taru a jinin masu ƙiba da waɗanda insulin ba ya kama su sosai, insulin kuwa yana cikin masu kunna eNOS.

Akwai wuri ɗaya da hanyar amino asid ke zama sanadin hawan jini kai tsaye, kuma ana iya kamawa a warkar. Tairosin yana zama dofa, dofa ya zama dofamin, shi kuma ya zama noradirenalin da adirenalin. Wani ƙari da ke fitowa a halittar da ke saman ƙoda, fiyokuromosaitoma, yana yin waɗannan ba ƙaƙƙautawa. Mai shi yakan zo da hawan jini mai tasowa farat ɗaya, da ciwon kai, da gumi, da bugawar ƙirji. Gwajinsa metanefirin ne, a jini ko a fitsarin awa 24. Idan na jini ne, a kwantar da mutum minti 20 zuwa 30 kafin a ɗiba, domin a zaune sakamakon yakan hau ba gaira ba dalili. Kafin tiyata ana fara ba da maganin da ake kira mai toshe alfa, wanda ke sassauta jijiyoyi, na kwana 7 zuwa 14, sai daga baya mai toshe beta, mai rage gudun zuciya, idan zuciya na gudu. Idan aka juya tsarin, jijiyoyi za su ƙara matsewa jini ya yi mummunan tashi. Idan hakan bai wadatar ba ana ƙara metairosin, wanda ke toshe matakin farko, inda tairosin ke zama dofa.